Yadda Tanti ta kafa ni turke a tsakiyar agogo

Ran da aka kai taubashiyata makwancinta, an shaida wa mutane cewa ƙarfe goma na safe za a yi mata salla. Duk wanda ya san Dogon Dutsi ya san ƙarfe goma a bakinmu magana ce mai faɗi. Mutum ya sha furarsa, ya leƙa tumaki, ya tsaya gaishe-gaishe a hanya, in ya iso kafin azahar sai ya ce ai ya yi sammako. Amma ran nan goma ba ta cika ba sahu ya riga ya miƙe har bakin hanya. Liman ya fito yana gyara rawani, ya ga jama'a, ya ciro waya ya duba, ya sake dubanmu. Wani jandarma da furfura ta fara cin gemunsa ya raɗa mini cewa shi tun yana ƙanƙane bai taɓa makara wurin Tanti ba, ba kuwa yau zai fara ba.

Tanti shi ne sunan da yaran jardan ke kiran malamarsu da shi. Jardan kuwa ajin ƙananan nan ne da ba su isa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, masu zuwa da ƙosai a hannu da majina a hanci. Taubashiyata ta yi aikin har waɗanda ta share wa hanci suka kawo mata nasu ƴaƴan, sunan kuma ya bi ta har gida, surukanta ma da shi suke kiranta. Ƴan kabu-kabu da suka zo gaisuwa sun kashe babura tun daga nesa suka turo su da hannu, wai Tanti ba ta son ƙara. Wani makiyayi ya taso tun daga wajen Dogon Kiriya, ya zauna a bakin tabarma da sandarsa. Sai da aka matsa masa ya ce shekarar da suka yi zango kusa da gari aka sa shi ajinta, lokacin Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, ita ce ta taka har rugarsu ta koyo ƙidaya da Fulatanci don su riƙa ƙidayawa tare. Daga cikin gida kuwa babu kururuwa. Sai dai ka ji mace ta fara ba da labarinta ta kasa ƙarasawa, wata ta karɓa.

Ni kuma ido duk yana kaina. Ni ɗan kawunta ne, ita ɗiyar gwaggona, kuma a wurinmu taubashi ba ya zama jugum a gidan makoki kamar kowa. Aikinsa ya tsokani mamaci har masu kuka su sami numfashi. Na yi ƙoƙari. Na ce baiwata ta gudu ba ta nemi izinin ubangidanta ba, don rigimar wane ne bawan wani tsakanina da ita tun muna yara ba a yanke ta ba. Ɗiyarta ta fari ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta ce, "Kawu, kai ka fi kowa sanin halinta. Ka rubuta, kada jikokinta su tashi ba su san ko wace ce ba."

Na ce wa ya aike ni. Lakwal ɗina shekara biyu ce, ta biyun ma a kan dutse na ƙare ta ina harbin ƙadangaru. Sauran baƙaƙen a karatun manya na tsince su, gemu ya riga ya fito. Saboda haka in kun ga magana ta karkace, hannun mai tsintsiya ne ya rubuta.

Ta girme ni da kaɗan, amma ta riƙe kaɗan ɗin nan kamar sarauta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta hawa babur sai dole. Gwaggo ta yi aure a gari, shi ya sa ɗiyarta ta sami lakwal, ni kuma a ƙauyenmu na wajen Gecheme na sami jaki. Kullum tana da tsumma biyu soke a zanenta, ɗaya na hanci, ɗaya na hawaye, ban taɓa ganin ta haɗa su ba. Yaron da ya ƙi yin shiru sai ta goya shi ta ci gaba da darasi, tana rubutu a allo yana barci a bayanta.

Abin da ta tsana a duniya shi ne kalmar "yanzu-yanzu". Uwa ta kawo yaro, ta jira ya juya kai ta sulale, ko ta ce masa yanzu-yanzu za ta dawo. In Tanti ta gani sai ta kira ta da sunan yaron, ko matar wa ce, ta sa ta dawo ta durƙusa gaban agogon kwali da ke jikin bango, ta nuna wa ɗanta da yatsa inda hannun zai tsaya in za ta zo ɗaukarsa. Takan ce ba tafiyar uwa ke sa yaro kuka ba, rashin sanin ƙarshen tafiyar ne. Wanda kuwa ya nuna wa yaro wuri a agogo ya saɓa, zai ji daga bakinta a gaban kowa. Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa fushi kan wannan, ya cire ɗansa. Bayan kasuwa biyu ya dawo da shi da kansa, ya durƙusa da babbar rigarsa gaban kwalin.

Ni duk wannan daga nesa nake gani, don wurina bakin ƙofar lakwal ne. Shekarar da hatsi ya ƙi a ƙauye, rumbuna ya zama ɗakin kwanan ɓeraye, na kwaso matata da yara muka faɗo mata. Ita ta je wurin darakta na lokacin ta samo mini aikin gardi: in buɗe ƙofa, in share fili, in buga ƙarfe. Ƙarfen kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a jikin itacen bedi. Aikin ya zo da ɗaki a kusurwar lakwal, nan muka shimfiɗa tabarmarmu, nan matata ta kafa murhu. Tsohon darakta mutum ne mai sauƙi. In lokaci ya yi sai ya leƙo ta taga ya ce in buga, ni kuwa in buga kamar ina kashe maciji. Har na sayi agogon hannu a kasuwa, matacce, don ya dace da matsayina.

Agogon nan ne ya ja mini. Aka kawo sabon darakta, matashi daga Yamai, mai takalmi mai ƙyalli. Ya rataye babban agogo a barandar ofis, ya ce shi ba zai riƙa ihu ta taga ba. Ya dubi hannuna ya ce tunda gardi yana da agogo ai magana ta ƙare: takwas a shiga, goma da rabi a fita shan iska, midi, wato sha biyun rana, a tashi. Na ce to, da murya irin ta wanda aka haifa a cikin agogo.

Na zauna na yi nazarin abin da kaina. Hannu biyu ne, dogo da gajere. Na ce ai wannan a fili yake, dogon shi ne babba, gajeren ƙaninsa ne mai rakiya, kuma ko'ina maganar babba ake ji. Na san sha biyu tana can sama. Saboda haka sai in duba inuwar katanga, in ta matso gindi, sai in jira dogon ya hau sama in buga midi. Na safe da na shan iska kuwa malamai nake leƙe, in na ga sun fara miƙewa sai in ruga wurin ƙarfe. A haka na ci makonni, har ina yi wa mai sayar da goro bayanin yadda agogo ke aiki.

Sai ga wata rana hadari ya rufe gari tun safe, babu rana, babu inuwa. Cikina kuma ya ce rana ta yi. Na duba, dogo yana sama. Na buga midi, bugu mai kyau, ashe ƙarfe sha ɗaya ne. Lakwal gaba ɗaya ta fashe. Manyan yara suka yi waje suna ihu, wasu malamai ma na ga sun tattara alli da sauri ba su tambayi kowa ba. Ƙananan jardan suka bi sahun manya suka fita ƙofar da ni na buɗe, alhali babu uwar da ta iso. Ina tsaye ina jin daɗin aikina sai na ga Tanti ta wuce ni a guje, ba takalmi, ɗankwali a hannu. Wata ƴar mitsitsiyar yarinya ta kusa hawa kwalta, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ganin ko jaki. Ta cafo ta. Ta dawo tana tattara sauran kamar mai kora ƴan tsaki, ta shige da su aji ba ta ko dube ni ba.

Darakta ya kira ni ofis. Na ce agogon ne ke gaggawa, irin na Yamai ne. Bai yi dariya ba. Ya ce ƙarshen wata zai sauke agogon ya juya shi a gabana ya tambaye ni. In na faɗa daidai, na ci gaba da aikina. In na kasa, akwai wani tsohon soja da ke neman aikin, ɗakin kuma na aikin ne, ba nawa ba. Da na gaya wa matata, da la'asar sai na ji tana tambayar maƙwabciya ranar da amalanken ƙauyenmu ke zuwa kasuwa.

Na tafi gidan taubashiyata da dabarata a shirye. Na ce ita tana da agogo a hannu, mai rai. In lokaci ya yi ta leƙo taga ta kaɗa mini ɗankwali, ni kuma in buga. Ranar gwaji kuwa ta tsaya bayan darakta ta nuna mini da yatsu. Tana tsinkar zogale, ba ta ɗaga kai ba. Ta tambaye ni ran da zazzaɓi ya kwantar da ita fa, wa zai kaɗa ɗankwalin. Ran da ta tafi biki Tibiri fa. Ta ce gobe in zo in zauna a tabarmar ajinta, wata bai ƙare ba zan iya.

Na ce, "Ni da gemuna, tsakanin masu fitsarin kwance?"

Ta ce, "Masu fitsarin kwance ba su saki ƴaƴan mutane kan kwalta ba."

Maganar ta shige ni, ni kuma da abu ya shige ni bakina ke fara aiki kafin kaina. Na ce ai ba laifinta ba ne, wadda ta ƙare rayuwarta tana sharar majina dole ta ga kowa yaro ne. Ta ajiye zogalen. Ta yi mini sai da safe da ladabi, ta ce in gaida gida.

Daga ran nan ta daina tsokanata. Ta zo wucewa ƙofa sai ta ce ina kwana, ina gajiya, ina iyali, kamar ta ga baƙon limami. Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba, amma ni da ta zage ni a tsakiyar kasuwa ya fi mini sauƙi. Wata kuma yana ta tafiya. Ina zama gaban agogon ofis in ƙura masa ido har wuyana ya ƙage, shi ma yana kallona, ba wanda ya gaya wa wani komai.

Wata safiya na ga ta fito da yaranta gindin bedi. Ta zana ƙaton da'ira a rairayi, ta sa suka jera jajayen duwatsu goma sha biyu a kewaye, kowane da lambarsa da farar ƙasa. Ta kafa turke a tsakiya ta ɗaura igiyar kaba biyu, doguwa da gajeriya. Yara suka ja, turken ya tumɓuke. Ta sake kafawa, ba da ƙarfi ba kamar yadda na lura, ya sake tumɓukewa. Sai ta wuce ofis. Can sai ga darakta ya fito ya ce Madam tana neman wanda zai riƙe mata igiya, in je in taimaka kullum da safe in na gama shara.

Na je ina ɗaure fuska. Ta ce wa yara, "Ga sabon turkenmu, wannan ba ya tumɓukewa. Turke kuma ba ya magana."

Ta ba ni bakin igiyoyin. Ta ɗaura wa wata yarinya ɗankwali, ta ba ta kara ta dogara, ta miƙa mata gajeriyar igiya. Doguwar ta ba wani yaro mai ƙafa kamar ta barewa. Sannan ta ce wannan da'ira gida ne mai ɗaki goma sha biyu. Mai gajeriyar igiya tsohuwar gidan ce, ta tsufa ta rankwafa, tafiyarta a hankali. Mai doguwar jikanta ne da ake aike. Sai ya zaga gidan kaf ya dawo ɗakin sama, kafin tsohuwa ta matsa daga ɗaki ɗaya zuwa na gaba. Ta tambaye su in an shiga gida wa ake fara gaisarwa. Suka ce tsohuwa. Ta ce to ɗakin da aka sami tsohuwa shi ne ƙarfe nawa, jika kuwa sai an gama da ita ake tambayarsa.

Ina tsaye da igiya a hannu na ji kamar an buɗe taga a cikin kaina. Ashe duk makonnin nan jika nake gaisarwa ina tsallake tsohuwa. Ni da ko kakar wani na gani a hanya sai na tuɓe takalmi.

Aikin turke ba wasa ba ne. Yaron yana gudu, ni ina juyi ina ɗaga igiya bisa kaina kada ta shaƙe ni, jiri yana ɗibata, yara suna waƙa suna tafi. Can sai ta ce a tsaya, ta tambayi ƙarfe nawa. Yara take tambaya, amma leɓena take kallo. In na motsa shi ba daidai ba sai ta ce, wani a nan ya ce uku, ba za ta faɗi sunansa ba, a sake gaida tsohuwa. Yara su yi ta duban juna suna neman mai laifi, ba wanda ya taɓa zargin turke.

Rabi ne ya ba ni wuya. In jika ya sauko ɗakin ƙasa, tsohuwa tana tsakanin ɗaki biyu, ni kuwa kullum sai in tura ta gaba. Goma da rabi in ce sha ɗaya da rabi. Tanti ta sa yarinyar ta tsaya a tsakanin duwatsu biyu tana nishi irin na tsofaffi, ta ce kada a kai tsohuwa inda ƙafarta ba ta kai ba, ɗakin da ta baro shi ne nata har sai ta zauna a na gaba. Ta faɗa da safe, ta faɗa washegari, ta yi ta faɗa har yaran suka gaji suka fara amsawa tun ba ta rufe baki ba. Mafi yawansu sun riga ni ganewa da nisa. Ta ci gaba da darasin duk da haka, har wata malama ta tambaye ta ko bana agogo kaɗai za a koya a jardan. Ta ce akwai mai nauyin kai guda ɗaya a ajin, kuma ita ba ta barin kowa a baya.

Wata ya ƙare. Darakta ya sauke agogon ya ɗora a tebur, ya murɗa shi ta baya ya juyo mini da fuskarsa. Na nemi gajeren hannu na same shi, ban san lokacin da na ce, "Ina kwana, tsohuwa," a fili ba. Darakta ya waiwaya bayansa, ya tambaye ni da wa nake. Na ce da mai gidan nake, tana ɗaki na takwas, jikanta yana sama, ƙarfe takwas ke nan daidai. Ya dube ni kamar zai kira likita. Ya sake murɗawa, na faɗa. Ya sake, na faɗa. Sannan ya saukar da dogon ƙasa ya bar gajeren a tsakani. Bakina ya ɗauko sha ɗaya, na danne shi, na mayar da tsohuwa ɗakin da ta baro, na ce goma da rabi. Ya tashi ya mayar da agogon kan ƙusa, ya daidaita shi da na hannunsa, ya ce in je in jira midi.

Na jira. Ban duba inuwa ba, ban saurari cikina ba. Da tsohuwa da jika suka haɗu a ɗakin sama na ɗauki guduma na buga, har matata ta fito daga ɗaki da muciya a hannu tana kallona.

Tanti ba ta fito ba sai da uwa ta ƙarshe ta ɗauki ɗanta. Na tsaya a bakin ƙofa na buɗe ƙirji ina jiran yabo. Ta zo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita a iya shekarunta na aiki ba ta taɓa yaye ɗan jardan mai gemu ba, kuma ba ta taɓa samun mai taurin kai irina ba, da jaki aka ba ta da tuni ya fara gyaran agogo a kasuwa. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na fara shirya ramuwa sai ta tare ni. Ta ce akwai yara biyu a ajin da har yanzu suke tura tsohuwa gaba, gobe in zo da wuri in zauna da su a gindin bedi.

Na ce ni da ban gama wankewa ba, me zan koya wa wani.

Ta ce, "Ni tun ina ƙarama na gane shi, na manta inda yake da wuya. Kai jiya-jiya ka fito daga wurin, ka san hanya."

Na zauna da su washegari, suka gane. Bayan su aka ba ni wasu. Duk shekara masu nauyin kai nawa ne, har ta ajiye aiki, har gwiwa ta ajiye ni, kuma a ɗakin nan na kusurwar lakwal na aurar da ɗiyata ta fari.

Allah Ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya yalwata mata makwanci, Ya saka mata da haƙurin da ta yi da ƴaƴan mutane, da wanda ta yi da ni. Ya ba ɗiyanta da jikokinta dangana. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau.